Hanyar Gabas: Labarin Ɗalibin da Neman Ilmi Ya Ratsa da Shi Ƙasashe Uku

 Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako mun jingine amsa tambayoyinku domin mu ba ku labarin wata tafiya. Ba mu ne muka yi ta ba, amma da shawararmu aka yi ta, saboda haka duk abin da ya auku a cikinta muna da namu rabon na alhaki.

Muna da wani amini, ɗan kasuwa, wanda ke sayen gero da dawa da riɗi a kasuwannin ƙasar Roni da Gwiwa yana kaiwa Dawanau. Babban ɗansa a zaurenmu ya tashi a nan Kazaure. A gabanmu ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kama Risala, ya kuma gama sakandare da sakamako mai kyau. Wata rana da la'asar sakaliya, bayan kakar shekarar 2022, sai ga uban ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen buzu, ya ce, “Allah gafarta Malam, yaron nan naka ne. Kaka ta yi albarka, ina so ya ƙaro ilmi a ƙasar Larabawa. Ina ka ga ya dace?” Ko numfasawa ba mu yi ba muka ce, “Alhaji, Sudan.”

Amsar ta zo da sauri ne domin ta daɗe a bakin malaman ƙasar nan. Sa'ad da aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Sudan aka ɗauko malaman da suka fara koyarwa a cikinta, ita ce kuwa ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, wadda ta yaye alƙalai da malaman Arewa masu yawa. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ma Bakhtur Ruda ya tafi ƙaro karatu a 1954. Ga shi mutanen Sudan Malikawa ne kamarmu, yaro ba zai je ya ga salla wata iri dabam ya rikice ba, kuɗin makaranta kuma bai fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici ba. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba mu yi ba, mu da uban, shi ne mu buɗe taswira mu dubi ƙasar da za mu tura yaro. Mun san sojoji sun kawar da Umar al-Bashir a 2019, mun kuma ji a rediyo an sake juyin mulki a watan Oktoba na 2021, amma muka ɗauka rigimar manya ce wadda ba ta shiga aji.

Yaron ya bar gida bayan sallar asuba, ya biyo ta Kazaure muka yi masa addu'a, ya kama hanyar Kano, ya shiga jirgi. Kafin ya kwanta barci a wannan rana yana Khartum. Ya gaya mana daga baya cewa bai ga kome ba ta taga sai hazo da jar ƙasa. To, wannan jar ƙasa da ya wuce cikin sa'o'i huɗu ita ce hanyar da kakanninmu ke bi da ƙafa zuwa aikin Hajji: daga Kano a nufi Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lami wadda ake kira Injamena a yau, a ratsa ƙasar Wadai har Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina, a wuce Fashir, a kai Ubayyid inda mai sauran guzuri ke samun jirgin ƙasa, sa'an nan a gangara bakin Bahar Maliya a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara uku a hanya, wani bakwai, domin idan guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma sun kai amma ba su komo ba. A cikinsu akwai wan kakan wannan yaro, wanda ya bar wani ƙauye na ƙasar Roni tun kafin a sami mulkin kai, shi da matarsa da jaki guda, aka yi masa rakiya har bayan gari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu kanmu mun bi ta saman wannan hanya sau biyu a jirgin alhazai, kuma barci muka yi.

Khartum garuruwa uku ne da kogi ya raba: Khartum ɗin kanta, da Bahri, da Umdurman. A tsakiyarsu ne Farin Nilu da ya taso daga kudu ya haɗu da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga duwatsun Habasha, a wurin da suke kira Mugran, inda ruwan biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowane da launinsa kafin su gauraya. Mutumin Kazaure wanda babban ruwan da ya sani shi ne na madatsar garinmu, ba mamaki idan ya tsaya a kan gada har rana ta faɗi. Ya ziyarci Umdurman, ya ga ƙubbar Muhammad Ahmad wanda ya yi da'awar Mahadi ya rasu a 1885, aka nuna masa wajen Karari inda Ingilishi suka karya rundunar halifansa a 1898, shekara biyar kafin su iso Sakkwato. Amma abin da ya fi faranta masa rai a saƙon murya na farko da ya aiko mana ba tarihi ba ne, nama ne. Ya ce ya ga tsire a bakin titi, da ƙuli-ƙuli da yaji kamar na gida, Larabawa suna layi suna saye, suna kiransa agashe. Ya matsa kusa, ya ji mai naman yana yi wa yaronsa faɗa da Hausa. Ya yi sallama, mai naman ya ɗago kai ya ce, “Kai ɗan ina ne, ɗana?” Ranar bai biya kuɗin nama ba.

Wannan mai nama shi ne ya ba shi shawarar ya je Mai Wurno idan har da gaske yana neman labarin wan kakansa. Da azumi ya kama, a goman farko, aka sami 'yan kwanaki ba darasi, sai ya ɗauki fasfo ɗinsa saboda shingayen bincike, ya shiga motar da ke zuwa Sinnar. Ku riƙe wannan magana ta fasfo, za mu komo kanta.

Hanyar ta bi gefen Shuɗin Nilu ta ratsa Jazira, watau shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, wadda aka mayar gonar auduga ta ban-ruwa bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. A waɗannan gonaki ne dubban mahajjatan ƙasar Hausa da Barno suka yi tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa, kuma a nan zuriyar da yawansu take har yau. Ana saura kaɗan a sha ruwa, sai yaron ya ga mutane sun fito kan kwalta, sun miƙe rawani sun tare hanya. Gabansa ya faɗi, domin mu a nan mun san ma'anar a tare mota da magariba. Ashe mutanen ƙauyen ne, al'adarsu ce duk watan azumi ba sa barin matafiyi ya wuce garinsu bai buɗe baki ba. An shimfiɗa tabarmi a jere a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, ga dabino, ga tuwon dawa, ga wani abin sha da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi wanda suke kira hilu-mur, watau mai zaƙi da ɗaci. Direba ya so ya wuce, wani dattijo ya rantse ba za a wuce ba. Aka sauke fasinja duka, aka ci, aka yi salla, aka sallame su ba a tambayi sunan kowa ba. Muna roƙon attajiranmu da ke kan hanyar Kano zuwa Daura su sake karanta wannan wuri. Mu ba mu ƙara kome a kai ba.

Mai Wurno tana kudu da Sinnar kaɗan, a bakin kogi. Asalinta kuwa sananne ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka cim masa a Burmi aka kashe shi a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar mutanen har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa kuma ya ci sunansa. Yaron ya ce ya ji Fulatanci da Hausa da Larabci a kasuwa guda, wani lokaci a bakin mutum guda. Hausarsu ta tsufa a inda aka ajiye ta, akwai kalmomin da sai a bakin kakarsa ya taɓa jin su, ga kuma Larabci ya cusa kai ko'ina. Aka kai shi wurin tsofaffi, gida bayan gida, yana faɗin sunan wan kakansa da sunan ƙauyensu. Ba wanda ya san shi. Sai dai a wata unguwa aka shigar da shi wurin wata tsohuwa wadda aka ce iyayenta daga ƙasar Kazaure suka taso da ita a goye. Ba ta san kome ba game da garin sai abin da uwarta ke faɗa. Ta kama hannunsa ta shafa, ta ce, “Jikana, duwatsun nan suna nan?” Ya ce, “Suna nan, Iya.” Ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Jikanta ya ba shi lambar waya, suka yi alkawarin zumunci.

Kada mai karatu ya zaci zaman waɗannan 'yan'uwa namu zaman lafiya lau ne. A watan Yuli na 2022 an yi mummunan rikici a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun wurin a kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa, har Hausawa suka yi zanga-zanga a biranen Sudan. Mutum ya haifi ɗa da jika a wuri, a ce masa har yanzu baƙo ne. Wannan ma ya auku ne wata biyar kacal kafin mu ce wa Alhaji “Sudan”, kuma mun ji labarinsa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, wadda ta yi daidai da 24 ga Ramadan 1444, da hantsi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdul Fattah al-Burhan da rundunar RSF ta Muhammad Hamdan Dagalo. Cikin wuraren da aka fara jin harbi akwai kudancin birnin, kusa da babban filin wasanni, a wannan yanki kuwa Jami'ar Afirka take, inda 'ya'yan Nijeriya suke da yawa, kuma nan kusa yaronmu da wani ɗan ƙasar Gwiwa suka kama ɗaki. Tun ranar farko filin jirgin sama ya zama fagen daga, aka ƙone jirage a ƙasa. Watau ƙofa ɗaya da muka sani ta shiga Sudan da fita daga cikinta ta rufe kafin azahar. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, bankuna suka rufe. Alhaji yana da hatsi a rumbu da kuɗi a banki, amma ba hanyar da ko sisi zai kai hannun ɗansa. Yakan zo bayan tarawihi ya zauna a zaure, waya a tafin hannu, ba ya cewa kome. Da ya yi mana faɗa da ya fi mana sauƙi.

Abin da ya riƙe yaran kwana goma sha ɗaya shi ne 'yan dalolin da uban ya ba shi ranar tafiya, waɗanda mu a lokacin muka ga almubazzaranci ne, da kuma mai naman nan, wanda ya aiko musu da garin dawa, ya kuma nuna musu gidan da ke da rijiya. Ranar Juma'a 21 ga Afrilu aka yi Salla. Mu muna filin Idi a nan ana hawan Sarki, su suna kwance a ƙarƙashin gado.

Da aka sami 'yar tsagaita wuta, ranar Laraba 26 ga Afrilu motocin farko na kwashe 'yan Nijeriya suka tashi. A nan yaran biyu suka rabu. Fasfo ɗin namu yana aljihunsa tun tafiyar Mai Wurno, ya yi ta jinkirin mayar da shi. Na abokinsa kuwa yana wani ofis inda aka kai shi domin sabunta takardar izinin zama, ofishin a kulle, mai mabuɗi ya gudu. Sai daga baya ya bi ayarin gabas zuwa Bur Sudan, ya komo gida da takardar wucin gadi. Hanyar yamma, ta kakanninmu, ba mai ko ambatonta, domin Junaina ta riga ta kama da wuta.

Motar yaronmu ta ƙetare zuwa Umdurman ta yi arewa cikin hamada, ta sake haɗuwa da Nilu wajen Dungula. Mu da muka karanta tarihi mun san tsohuwar Dungula, wadda kufanta ke kudu da ta yanzu, ita ce inda Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarhin ya ƙulla sulhu da Nubawa a shekara ta 31 bayan Hijira, sulhun da ya yi ƙarnuka yana aiki. Shi yaron abin da ya riƙe game da Dungula shi ne a nan ya sami ruwan sanyi. Daga nan suka bi yammacin kogi har Argin, ƙofar shiga Masar, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 daga Khartum.

A Argin aka tsaya. Fili ne na rairayi da duwatsu da aka yi domin manyan motocin kaya, ba domin dubban mutane ba, ga mata da jarirai da tsofaffin Sudan kowa da ƙunshinsa, ba inuwa sai ta jikin mota, kuɗin gorar ruwa kuma kullum ƙaruwa yake. Kowace safiya a ce yau za a buɗe, kowace magariba a ce sai gobe. Ba za mu ɗora wa kowa laifi a nan ba, domin iyaka tana da dokokinta, kuma ba a taɓa shirya mata irin wannan taro ba. A rana ta huɗu da dare wayarmu ta yi ƙara da wata baƙuwar lamba. Muka ɗauka, sai muka ji muryarsa can nesa, iska tana kaɗawa. Ya ce, “Allah gafarta Malam, muna lafiya, a gaya wa Baba. Tambaya gare ni. Yau kwananmu huɗu a nan, gardama ta tashi. Wasu sun ce mu cika salla. Mu cika, ko mu ci gaba da ƙasaru?”

Sai da muka share ido kafin mu amsa. Muka ce masa abin da ke yanke ƙasaru a mazhabarmu shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ba wucewar kwana huɗun ba. Wanda ya yi tafiyar da ta kai baridi huɗu, watau mil 48, ya sauka a wuri yana jiran a sallame shi yau ko gobe, bai ƙudurta zama ba, to matafiyi ne ko da ya yi wata. Juma'ar da ta wuce su a can ma ba ta wajaba a kansu ba. Ya ce to ruwa fa, ga shi kaɗan ne? Muka ce ruwan da rai ke bukata ba a alwala da shi, su yi taimama, ƙasa ai ba ta yi musu ƙaranci ba. Ya yi dariya, layin ya yanke. Muka ɗauki fitila muka tafi masaukin Alhaji da kanmu.

Akwai wani abu da ya lura da shi wanda ya ba mu sha'awa. Mu Hausawa idan muna nufin alƙibla sai mu ce gabas, har mukan ce wane ba ya duban gabas. Alhali kuwa daga Kazaure alƙibla ta ɗan karkata arewa da mafitar rana, a Khartum ta karkata ƙwarai har ta zama arewa maso gabas. Iyakar Sudan da Masar tana kan layi na 22 ne arewa da tsakiyar duniya, tun yarjejeniyar 1899, Makka kuwa tana ƙasa da wannan layi da kaɗan. Saboda haka a Argin, a cikin wannan wahala, shi ne wuri na farko a rayuwarsa da ya dubi gabas sak ya yi salla. Da suka isa Aswan sai alƙibla ta koma kudu maso gabas.

Masar bai gan ta ba sai ta tagar mota. Sun wuce mararrabar Abu Simbal, inda aka ɗauke gine-ginen Fir'auna aka mayar da su kan tudu domin kada ruwa ya cinye su sa'ad da ake gina babbar madatsar Aswan, wadda aka gama a 1970. Gumaka an cece su, amma tsohon garin Wadi Halfa yana ƙarƙashin tafkin, mutanensa an kwashe su zuwa gabashin Sudan. Daga hamada aka zarce da su filin jirgi. A daren 3 ga Mayu jiragen farko suka sauka Abuja. Kwana biyu bayan haka ya shigo zaurenmu, ya rame, ya yi baƙi, da jaka guda a kafaɗa. Littattafansa duka suna can.

Da hankali ya kwanta sai wata matsala ta fito, wadda ma'aikatan gwamnati za su fi kowa ganewa: ba shi da takarda ko ɗaya da ke shaida ya taɓa zama a aji. Rasit ɗin kuɗin makaranta yana cikin akwati a Khartum, jarrabawa ba a kai ga yi ba. Waɗanda gwamnatin jiharmu ta ɗauki nauyin karatunsu na likita sun sami mai tsaya musu, an mayar da wasunsu tsibirin Kubrus. Ko su ma muna fata iyayensu sun buɗe taswira, domin tsibirin a rabe yake tun 1974, ɓangaren arewa ba ƙasar da ta amince da shi sai Turkiyya, jirgi ma sai ta can yake bi. Kabarin da ake dangantawa ga sahabiya Ummu Haram 'yar Milhan, wadda ta rasu a yaƙin teku zamanin Sayyidina Usman, yana ɓangaren kudu kusa da Larnaka, kuma ɗalibinmu da ya shiga ta arewa takardarsa ba ta ƙetarar da shi ya kai ziyara. Ɗan mai hatsi kuwa ba shi da gwamnati sai ubansa.

Sai muka ce a gwada kusa da gida. Mu mutanen wannan yanki bai kamata iyaka ta zame mana baƙuwa ba. Masarautar Kazaure kanta daga gefen Kano da Katsina da Daura aka yanko ta zamanin Ɗantunku, Babura kuwa gonakinta suna haɗe da na Nijar, uwar yaron ma 'yar can ce, 'yan'uwanta suna Magarya. A farkon Yuli ya bi ta Babura da Baban Mutum ya shiga Magarya, kawunsa ya raka shi Damagaram, suka kama babbar hanyar yamma ta Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Doso har Yamai. Kwana biyu yana tafiya a wata ƙasa, ba inda ya nemi tafinta sai da suka shiga ƙasar Zabarma. Daga Yamai suka gangara Sayi a bakin Kwara, garin Alfa Muhammadu Jobbo, wanda a da yake ƙarƙashin Gwandu. A nan ne Jami'ar Musulunci take, wadda taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Lahor ya yanke shawarar kafawa a 1974 tare da 'yar'uwarta ta Yuganda, aka buɗe ta a 1986. An karɓe shi da mutunci, aka ba shi takardun cikewa, aka ce ya komo da su kafin buɗe makaranta. Ya iso gida da murna.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Muhammad Bazum. Kafin mako ya zagayo an rufe iyaka, ba a kuwa buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. 'Yan kasuwar da kayansu suka ruɓe a kan mota a wannan lokaci ba sa bukatar mu ba su labari. Takardun Sayi suna nan cikin Risalarsa har yau, ba a cike ba. Daga bisani ya zauna jarrabawar shiga jami'a, ya sami gurbi a Kano, ya fara daga aji ɗaya, bayan shekara biyu da kuɗin kaka guda sun tafi.

Har yanzu iyaye suna zuwa neman shawara, har yanzu kuma ba mu hana kowa tura ɗansa, domin fita neman ilmi gadonmu ne, kuma yaron nan da ya komo ba shi ne wanda ya tafi ba: ya san nauyin ruwa, ya san abin da babin ƙasaru yake nufi fiye da yadda muka koya masa. Sai dai yanzu kafin mu ambaci sunan wata ƙasa mukan aika a ɗauko taswira, mu sa uban ya nuna mana da yatsansa ta ina ɗansa zai fito idan jirgi bai tashi ba, da wace ƙasa zai faɗa, da ko tana neman biza. Mukan tambaye shi ko ya san gida ɗaya a wajen babban birnin da zai buɗe wa yaron ƙofa. Mukan ce fasfo kada ya kwana a ofis fiye da larura, kowane rasit da sakamakon kowane zango a aiko da hotonsa gida, a kuma bar wa yaro kuɗin da ake riƙewa a hannu, domin na cikin waya ba ya sayen ruwa ranar da wuta ta ɗauke. Wasu iyayen sukan ga mun cika tsanani. Alhaji, idan yana zaune, ba ya ganin haka.

Yaƙin kuwa ya bi sawun yaron zuwa kudu. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a watan Disamba na 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato ta, suka kuma koma Khartum a watan Maris. A ƙarshen Yuni na 2024 faɗa ya kai Sinja, babban birnin jihar Sinnar, kudu da Mai Wurno, jama'a suka watse. Kafin wannan lokaci jikan tsohuwar nan yakan kira duk bayan 'yan makonni, har an taɓa kai mata wayar ta gaisa da kakar yaron a Roni, tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka yi ta tambayar juna ruwan bana. Tun daga wannan wata lambar ba ta sake shiga ba. Labarin mai nama ma ba mu da shi. Duk Juma'ar da yaron ya zo gida daga Kano, bayan an sauko daga masallaci, yakan zauna a ƙofar zaure ya gwada lambar sau uku, sa'an nan ya shigo ya gaishe mu.